Zoben sitaci da maganin funfunar amfanin gona

Duk wanda ya taɓa haɗa maganin funfuna na feshi ya san inda gizo ke saƙar: yawancinsu ba sa ga maciji da ruwa. Misali maganin kabendazim, abin da ke narkewa a lita guda bai wuce miligiram 8 ba. Kulorotalonil ko miligiram 1 bai cika ba. Dole a niƙa magani lilis ya riƙa yawo cikin ruwa, ko a narkar da shi a sinadari irin zailin, wanda shaƙarsa ba alheri ba ce ga mai feshi.

Abin da ya sa na ƙwallafa rai a kan saikulodestirin ke nan. Daga sitaci ake samunsa, kuma Antoine Villiers na Faransa ne ya fara bayyana shi a 1891. Zobe ne na ƙwayoyin sukarin gulukos, wanda ido ba ya iya gani: mai ƙwaya 6 sunansa alfa, mai 7 beta, mai 8 gama. Siffarsa kamar bokitin da gindinsa ya fita, bayansa na son ruwa, cikinsa na gudunsa. Ƙwayar sinadarin magani, wato ɗigonsa mafi ƙanƙanta, sai ta kutsa ramin, ta kore ruwan da ke ciki, ta zauna. Ba ɗauri ba ne na dindindin, tana shiga tana fita.

A ɗakin gwaji ina zuba garin maganin da na saikulodestirin a ƙaramin turmi, in ɗiga ruwa da itanol, in yi ta kwaɓawa har ya yi kauri, sannan in busar. Idan na kaɗa shi a ruwa na tace, awo na nuna maganin da ya narke ya ƙaru. Har yanzu abin na burge ni.

Sai dai akwai lissafi. Idan zobe ɗaya ƙwaya ɗaya zai ɗauka, giram 1 na kabendazim na buƙatar kusan giram 6 na beta. Shi betan ma giram 18.5 kacal ke narkewa a lita, wanda aka gyara don ya fi narkewa kuma tsada gare shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙasa. Maganin da ya koyi tafiya cikin ruwa, ruwan sama ma zai iya jansa zuwa rafi ko ƙarƙashin ƙasa. Don haka idan aka nuna mini funfuna ta mutu a farantin gwaji, nakan nemi a nuna mini awon ruwan da ya tsiyaye daga ƙasar da aka fesa.