Asabar ɗinmu a kan keke, da shirin tafiya Kano

Asabar ɗin da ta wuce muka yi kilomita 110, mu tara muka fita mu tara muka dawo, kuma da na iso gida na yi wanka na ci abinci har na iya zuwa ɗaurin auren ɗan maƙwabcinmu da ƙafata. Wallahi wannan ne ya fi faranta min rai, don wata biyu da rabi da suka wuce kilomita 30 kawai muka yi amma na wuni a kwance kamar wanda zazzaɓi ya kayar.

Abin da muka sa a gaba shi ne mu hau keke daga Zariya zuwa Kano a yini ɗaya, farkon watan Janairu in Allah ya kai mu. Titin daga nan zuwa can kusan kilomita 140 ne, in ka haɗa da shiga gari daga Na'ibawa ya ɗan haura haka. A mota tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, shi ya sa duk wanda na faɗa wa sai ya kalle ni ya ce to me ya yi zafi? Wani abokin aikina ma kuɗin mota ya miƙo min, da zuciya ɗaya fa, ya ɗauka wani hali na shiga. Ban ga laifinsa ba, a wajenmu babban mutum a kan keke ana ganin ko babu ce ta kama shi, alhali iyayenmu sun ba mu labarin lokacin da Raleigh sabo fil yake abin alfahari, malamin makaranta ko ma'aikacin reluwe ya goge kayarsa tas ya ɗaura mata tunti ya shiga Sabon Gari ana kallonsa.

Mun fara ne farkon Oktoba da ruwa ya ɗauke. Tsarin ba wani mai wuya ba ne, duk Asabar ana sallame asuba mu haɗu a Kwangila kafin ƙarfe shida da kwata, wanda ya makara ya biyo mu a baya. Sati na farko 30, na biyu 40, na uku 50, sai na huɗu mu sauko 35 jiki ya huta, daga nan 60, 70, 80, a sake saukowa, haka haka har muka kai inda muke yanzu. Wannan satin saukowar da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, har na yi ƙorafi a guruf ɗinmu na WhatsApp, amma na gane daga baya jiki ba a kan keke yake ƙara ƙarfi ba, a hutun da ya biyo bayan wahalar ne naman jiki yake gyara kansa, in ka hana shi hutun gwiwa ce za ta fara yi maka magana. A tsakiyar sati kowa ya yi nasa, ni Talata da Alhamis bayan la'asar nake zagaye na awa ɗaya ta wajen Samaru, in ban samu biyun ba ko ɗaya ba na bari ya wuce.

Amma gaskiya tafiyar Asabar ɗin ita ce komai, kuma dalilin shi ne wani dattijo da ke cikinmu, duk Baba muke ce masa. Ya haura sittin, shekarunsa na ƙuruciya duk a kan keke ya yi su yana kai atamfa da yadi kasuwannin ƙauye, su Giwa su Makarfi su Soba, da kaya niƙi-niƙi a kariya. Ɗansa ne ya sayo masa keke mai giya na gwanjo, shi ne ya shigo cikinmu. Baba bai san Strava ba, wato manhajar waya da ke lissafa nisa da gudun mai keke, ba ruwansa da agogon da ke ƙirga bugun zuciya, dokarsa ɗaya ce: in ba za ka iya hira da na kusa da kai kana tuƙi ba to ka yi sauri da yawa, rage. Daga baya na ga masu horar da 'yan tseren keke ma abin da suke faɗa ke nan, mafi yawan atisayen doguwar tafiya a yi shi a hankali yadda numfashi bai sarƙe ba. Shi a hanyar kasuwa ya koyo.

Ni kuwa sai da na sha wuya na yarda. Ranar da muka fara yin 60 ne, a hanyar Soba. Na fito ban ci komai ba sai ruwan shayi, kuma akwai samari uku ɗaliban jami'a a cikinmu masu jini a jika, suna taka feda na ce ai ba za a bar ni ba, na bi su muka tsere wa sauran. Zuwa wajen Maigana lafiya lau, har ina jin daɗin kaina. A dawowa ne, saura kamar kilomita 15 mu shigo gari, kawai na ji ƙafafuna sun zama ba nawa ba, ba ciwo ba ne fa, ƙarfin ne ya tafi gaba ɗaya kamar an zare fulogi, idona na ganin dishi-dishi, hannuna na rawa a kan birki, ga wani irin baƙin rai da ya taso min ba dalili. Na sauka na zauna a gindin wata ɗorawa. Samarin sun yi nisa ba su ma san na tsaya ba. Can sai ga Baba da sauran suna tafe a hankali, ya jingine kekensa ya tsuguna a gabana.

Ya ce, "Ɗana, me ka ci da safe?"

Na ce, "Baba shayi ne kawai. Ku tafi abinku, in na huta zan taho."

Ya ce, "Ba a haka a hanya." Ya ciro ƙullin mazarƙwaila a aljihu ya gutsuro min, ya sa na sha ruwa, muka zauna kamar minti ashirin ba wanda ya nuna min gajiyawa, sannan ya ce in saka tayata daidai bayan tasa kar in kalli komai sai ita. Haka ya jawo ni har Zariya.

Abin da ya same ni ba wani abin mamaki ba ne ashe. Jiki yana ajiye sukari a hanta da naman jiki, kuma wannan ajiyar in ana aiki mai ƙarfi awa ɗaya da rabi zuwa biyu take kaiwa ta ƙare, in ta ƙare shi ke nan ko kai wane ne sai ka tsaya. Maganin shi ne ka riƙa ci tun kafin ka ji yunwa, masana suna cewa giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari duk awa. Turawa suna da wasu 'yan ledoji masu tsada da suke tsotsa, mu kuma Allah ya hore mana dabino da ayaba da dafaffen dankalin Hausa da mazarƙwaila, wadda ƙasar Makarfi ma gidanta ne don nan ake noman rake. Yanzu duk minti talatin zuwa arba'in Baba zai ɗaga murya ya ce a ci, kowa ya laluba aljihu. Ruwa kuma aƙalla leda ɗaya ta fiya wata duk awa, kuma gora ɗaya a cikin biyun da nake ɗauka ruwan gishiri da sukari ne, irin wanda ake haɗa wa yara masu gudawa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Lokacin hunturu ne ma ya fi haɗari, don iska tana busar da gumin tun kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zufa alhali ruwan jikinka tafiya yake.

Tun daga ranar muka kafa doka a guruf, ba a barin kowa a baya, kuma wanda ya fi kowa rauni a ranar shi ne ma'aunin gudunmu. Samarin sun ɗan ji haushi da farko, na fahimce su, mai ƙarfi yana son ya gwada ƙarfinsa. Sai aka ba su aikin da ya dace da su, su ne ke daɗewa a gaba.

Wannan maganar gaba da baya ita ce wadda duk mai hawa shi kaɗai ba zai taɓa sani ba. A kan shimfiɗaɗɗen titi yawancin ƙarfin da kake kashewa iska kake turewa da shi, in ka laɓe a bayan wani kusa-kusa sai ya zama shi ne ke fasa maka ita, kana iya rage kusan kashi 30 cikin 100 na wahalar. Shi ya sa muke jeruwa layi ɗaya, na gaba ya ja minti uku ko biyar, ya kauce gefe ya zame zuwa ƙarshen layi, na bayansa ya karɓa. A baki da sauƙi. A aikace sai da muka yi sati huɗu muna koyo, don tazarar da ke tsakanin tayarka da ta na gabanka ba ta kai taku ɗaya ba, in ya taka birki ba zato ko ya kauce wa rami bai faɗa ba, mutum uku za su zube. Sau ɗaya hakan ta faru da mu, Allah ya taƙaita ƙujewa ce kawai da wili ɗaya da ya lanƙwashe. Yanzu na gaba in ya ga rami zai nuna da hannu ya ce rami, na baya in ya ji tirela ya ce babba na tafe, maganar ta bi layi har ta kai ƙarshe. Sai ka wayi gari ka san yadda kowa yake tuƙi, ka san wane in ya gaji kafaɗarsa ke fara karkacewa, wane kuma shiru yake yi, tun kafin ya faɗa an rage gudu.

Kuma tafiyar Kano a Janairu sai da wannan, saboda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma can muka nufa, wato gaba da gaba za mu yi da ita tun daga Tashar Yari har Kwanar Ɗangora har Kura. Abin da ya ɗan taimake mu shi ne Zariya ta fi Kano tudu, to a dunƙule gangara ce duk da hawa da saukar da ke tsakani. Mun zaɓi hunturun ne da saninmu, don zafin Maris da Afrilu da ke kai maki 40 ba lokacin wannan aikin ba ne.

Maganar kaya ba zan ja ta ba. Kekena na gwanjo ne, na canza masa kaca da taya biyu da robar birki, mai gyara ya daidaita min tsayin sirdi yadda in feda ta kai ƙasa gwiwata za ta ɗan rage lanƙwasa kaɗan, tun daga nan ciwon gwiwar ya tafi. Hular kwano dole ce, wanda bai da ita ba ya bin mu. Gajeren wando mai soso a ciki ina sa shi ne a ƙarƙashin dogon wando, na farko don mutunci na biyu don in an tsaya salla ba sai na nemi canji ba. Kowa da tif ɗinsa na safaya da kayan faci da ƙaramin famfo, kuma kowa sai da ya koyi cire taya da hannunsa, don ba ko'ina za ka samu mai faci ba. Hanya kuma muna tambaya kafin mu bi, ta wajen Giwa ba ma wuce Shika saboda yanayin tsaro, kuma duk inda muka je muna dawowa da rana tsaka.

Wani lokacin in mun tsaya shan kunu samarin su kan kawo labarin manyan 'yan keke na duniya. Su suka nuna min Biniam Girmay ɗan Eritiriya, wanda a 2024 ya ci zango uku a babban tseren Faransa ya kuma tafi da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi kowa tara maki, ga gasar duniya da aka yi a Kigali ta Ruwanda a Satumbar 2025, karo na farko a Afirka. Akwai kuma wata irin tafiya da ba tsere ba ce, kilomita 200 ake ba ka awa 13 da rabi ka gama, babbarsu ita ce ta Paris zuwa Brest da dawowa, kilomita 1,200 cikin awa 90, duk shekara huɗu ake yinta. Wannan ta biyun ita ta fi kwanta min, don ba wanda kake so ka kayar, isa kawai ake nema. Da aka fassara wa Baba sai ya tambaya ko da kaya a kariya suke yi, aka ce a'a, ya gyaɗa kai ya ci gaba da shan kununsa.

Lissafinmu dai in muka riƙe kilomita 20 zuwa 22 a awa, tuƙin kansa zai ci kamar awa bakwai, a haɗa da tsayawa cin abinci da sallar azahar a hanya, muna sa ran la'asar ta same mu a Na'ibawa. Yayan ɗaya daga cikinmu ya yi alkawarin bin mu a baya da motarsa da ruwa da kayan gyara, ya kunna fitilun gargaɗi saboda manyan motoci, wannan ya kwantar wa iyalina hankali sosai don ita tun farko tirelolin hanyar ne damuwarta.

Saura fita biyu. Wannan Asabar ɗin 120 za mu yi, ita ce mafi tsawo, ta gaba kuma mu sauko 50 kawai ƙafa ta huta kafin ranar. Ɗaya daga cikinmu mura ta kama shi bai samu fitowa atisayen tsakiyar sati ba, ya rubuto a guruf jiya da dare cewa yana tsoron zai ja mu baya ko ya haƙura kawai. Kafin in gama rubuta amsa ɗan Baba ya turo saƙon murya, muryar Baba ce, ya ce a gaya masa ya zo da dabinonsa ƙarfe shida, wurinsa na nan a bayan tayarsa.