A canja wayar, a bar mana turakun

Babban layin wutar da ya ratsa bayan unguwarmu ya riga gidajenmu zuwa. Gonaki ne a wurin sa'ad da aka kafa turakunsa, birni ne ya yi ta matsowa har ya kewaye shi. Yanzu kamfanin wutar ya ce layin ya gaza, za a ƙara masa ƙarfi, kuma yawancin maƙwabtana bakinsu ɗaya: a binne shi a ƙasa kowa ya huta. Ni kam ban bi su ba.

Binne babban layi kan ninka kuɗin na sama sau da dama, kuma a takardar kuɗin wuta zai dawo mana. Sai an haƙa doguwar hanya, a hana shuka manyan itatuwa a kanta, in kuma ya lalace gyaransa na iya cin makonni. A 2015 Jamus ta yanke cewa layuka irin SuedLink, mai tsawon kusan kilomita 700, ta ƙasa za su bi saboda jama'a sun ƙi turaku. Aikin ya ƙara tsada, ya kuma makara da shekaru.

Amma a bar tsohon layi yadda yake, wannan ma ganganci ne. Waya in ta ɗauki wuta fiye da kima zafi take yi, ta saki jiki ta sauko ƙasa. Ranar 14 ga Agustan 2003 wasu wayoyi a jihar Ohio sun sauko haka har suka taɓa itatuwa, matsalar ta yi ta yaɗuwa, mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta.

Abin da nake so mu nema shi ne sauya wayar kawai. Tsohuwar alminiyum ce aka naɗe a kan jijiyar ƙarfe. Sabuwar kuwa jijiyarta ta zaren kabon ce, ba nauyi, kuma zafi ba ya sa ta saki sosai, don haka tana iya ɗaukar kusan ninki biyu na wuta a kan turakun da muka saba gani. Ba sai an ci filin kowa ba. Ba ko'ina hakan ke isarwa ba, in turakun sun tsufa ko ana son ƙarfin da ya wuce abin da sabuwar wayar za ta iya ɗauka, to dole a gina sababbi. Sai dai injiniyoyin su zo su nuna mana lissafin, ba su aiko takarda mai cewa an riga an yanke ba.

Ƙarar nan ta zzz da layin ke yi in iska ta yi laima ba ta dame ni ba. Abin da zan tsaya a kai a taron unguwa shi ne faɗin filin da za su keɓe, itatuwan da za su sare, hanyar da manyan motocinsu za su bi, da diyyar wanda aka taɓa katangarsa. Duk a rubuce, kafin a sauke waya ko ɗaya.