Barci bayan kansar mama: abin da ake yi a zaman CBT-I

An gama tiyata, an gama kemo (magungunan kashe ƙwayoyin ciwon kansa), likita ya ce saura zuwa dubawa lokaci-lokaci, amma barci ya ƙi dawowa. Dalilan farko a bayyane suke. Maganin deksametason da ake bayarwa tare da kemo yana hana ido runtsawa. Tamoxifen da letrozole, magungunan hana ciwon dawowa da ake sha shekara 5 zuwa 10, suna kawo zafin da ke taso wa jiki farat ɗaya da gumin dare. Ga kuma fargabar kada ciwon ya dawo. Sai dai abin da ke zaunar da rashin barcin galibi shi ne dabarar da mace ta ɗauka don ramawa: kwanciya tun da wuri, jan jiki a gado da safe, doguwar kwanciyar rana.

Wannan ne maganin tattaunawa mai suna CBT-I yake warwarewa, a zama 4 zuwa 8 da ƙwararre, sau ɗaya a mako. A 2016 Kwalejin Likitocin Amurka ta ce shi za a fara gwadawa kafin ƙwayar barci, kuma tun 2005 wata mai bincike, Josée Savard, ta gwada shi a Kanada kan matan da suka yi kansar mama, aka ga barcinsu ya gyaru.

Ana farawa da rubutu. Mako ɗaya ko biyu, kowace safiya ki rubuta lokacin da kika kwanta, lokacin da kika tashi, da kiyasin awannin da kika yi barci. A ce kina kwanciya ƙarfe 9 na dare, ki tashi 7 na safe, amma barcin awa 6 ne kawai. Kashi 60 cikin ɗari ke nan na zamanki a gado, alhali 85 ake nema. Sai a rage miki lokacin gado ya koma awa 6: tashi ƙarfe 6 kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, kwanciya kuma sai 12. Ba a sauka ƙasa da awa 5. Idan mako ya cika kin kai 85 ko fiye, sai a ƙara minti 15, a haka har a kai abin da jikinki ke buƙata.

Makon farko da na biyu suna da wuya, kuma a nan mata da yawa ke ajiye abin, don gani suke ya ƙara musu wahala. Wannan nauyin idon shi ake tarawa, shi zai haɗe barcin da ya tarwatse. A kula da tuƙi a kwanakin. Mai farfaɗiya, ko ciwon ƙwaƙwalwa na baifola, ko wadda numfashinta ke ɗaukewa cikin barci, kada ta fara sai likita ya duba ta.

Babban kuskure shi ne ɗaukar gajiya a matsayin jin barci: gajiya daban, jin barci daban. Gajiyar da ciwon kansa ke bari tana iya kai watanni, jiki ya mutu amma ido a bushe. Idan kika hau gado saboda ita, juye-juye za ki yi, ƙwaƙwalwa kuma ta saba cewa gado wurin tunani ne. Ki huta a kujera. Gado sai hamma ta zo, ido ya yi nauyi. In kin kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, ki tashi ki zauna cikin haske kaɗan har ya zo, ba tare da duba agogo ko waya ba. Barcin rana in ya zama dole, kada ya wuce minti 30, kuma kafin ƙarfe 3.

Tunanin dawowar ciwon ba a korarsa da ƙarfi. Ana ware masa minti 15 da yamma, a rubuta abin da ke damun zuciya da matakin da za a ɗauka, ko da tambaya ce da za a kai wa likita. Shi kuwa zafin dare, tattaunawa ba ta cika rage yawansa ba, tana rage yadda yake tayar da hankali: numfashi a hankali daga ciki, tufafin auduga marasa nauyi, rigar canji kusa da gado. Idan ya yi tsanani, kada ki daina tamoxifen da kanki, akwai abin da likitan kansa zai iya sauyawa. Ƙwayar barcin da aka daɗe ana sha ma a hankali ake janye ta, domin yankewa rana ɗaya yana dawo da rashin barcin fiye da da.