Goɗiyar da na saya saboda takardarta

Har yau in na tuna ranar gwanjon dawakin nan a Tekzas ta Amurka sai inji wani ɗaci a maƙogwaro. Na ɗan jima ina wannan harkar, in sayi dukushi ɗan shekara biyu irin Quarter Horse, wani jinsin dokin Amurka, in hore shi da aikin shanu, in sayar ma masu kiwo in ci ɗan abun da ya samu. To sai ga wannan goɗiyar, ja, ƙirji faffaɗa, cinyoyi cike, aka sako mata maraƙi a shinge ta kwantar da kunne ta duƙa kamar kyanwa, duk inda ya karkata ta riga shi. Ba a taɓa ɗora mata sirdi ba fa, a jininta abun yake. Na buɗe takardar rajistarta ta AQHA, ƙungiyar dake rajistar irin waɗannan dawakin, naga sunan Poco Bueno, wani shahararren ingarma, ta wajen uwa, naga shi ta wajen uba, nace kai, yau na tsinci dami a kala.

Abun da ya kamata ya tsorata ni shi ya ruɗe ni.

Sati biyu da fara sa mata sirdi na cire shimfiɗar naga jini, fata ta tsage a gadon baya wajen tsawon yatsa. Nace sirdin ne, na canza wani. Ta sake tsagewa a wani wurin, na farkon kuma yaƙi warkewa. Likitan dabbobi da yazo bai ma yi dogon bincike ba, ya kama fatar bayanta da yatsa biyu ya ja, ta taso kamar rigar da tayi ma mutum yawa kuma bata koma da wuri ba. Ya kalle ni yace ka nemi sakamakon gwaji kafin ka biya? Nayi shiru.

HERDA ce. Cutar gado ce, fatar bata riƙe jikinta da kyau, kuma galibi bata bayyana sai an fara ɗora sirdi, wato daidai shekarun da irina muke saye. Tafi yawa a zuri'ar dawakin ware shanu, ana danganta ta da jinin shi Poco Bueno ɗin da aka haifa a 1944. Doki zai iya ɗauke da ita lafiyarshi ƙalau yayi aiki har tsufa, amma in ingarma da goɗiya duk suna ɗauke da ita to kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya fito da cutar. Kuma babu magani.

Abun da yafi cina shine gwajin ba wani wahala gare shi ba, gashin geza ko na wutsiya ake tsigewa da saiwarshi a aika ɗakin gwaji, tun 2007 akwai shi. Ana ma haɗa shi da na wasu cututtukan gado, harda HYPP, cutar tsoka ta zuri'ar wani ingarma mai suna Impressive. Tambaya ɗaya tak zanyi ma dillalin, ina sakamakon iyayenta? Ban yi ba, inata duba haƙora da kofato ina jin kaina gwani. Shi kuma gwanjo in guduma ta buga shikenan, na kira dillalin sau uku, daga baya ya daina ɗauka. Ko ya sani ko bai sani ba Allah masani, amma ni zuciyata ta kasa wanke shi.

Yanzu ko dokin wa ne, ko aminina ne, sai naga takardar gwaji kafin in taɓa aljihu, in zan sayar kuma ni nake fara miƙa ta tun ba a tambaya ba. Kwanaki wani mai saye har dariya yayi min wai na cika tsoro. Na ja shi bayan rumfa na nuna mishi ita tana tsaye a inuwa, bayanta duk tabo, tana bin shanun maƙwabci da ido ta saman shinge.