Masu ƙera motar da ba ta zuwa ko'ina

Duk yaron da ya tashi a Damagaram ya ja motar kara. Bayan an yanke dawa a samo kara, a fere bayansa, a soka tsinke cikin totuwa, a yanko taya daga tsinkakken silifa, a ɗaura zare a bi lungunan Birni ana ƙugin inji da baki. Wanda ya ɗan tasa ya koma ta waya ko ta langa-langa mai dogon sitiyari. Shi ya sa in na ce wa mutum sana'ata ƙera ƙananan motoci, can hankalinsa ke fara zuwa, har wani ya ce, "Malam, kai har yanzu ba ka bar wasa ba?" Ba na jin haushi, don yaran da ke aiki a rumfata duk daga wannan wasa na tsinto su. Sai dai abin da ke kan teburinmu ya rabu da motar kara a wuri guda, wato awo.

Yaro yana ƙera mota yadda idonsa ya gaya masa. Mu kuwa sai mun auna babbar motar, tsawo da faɗi da tsayi da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, sannan mu raba kowane awo da lamba ɗaya. In an ce mota 1/24 ce, komai nata an raba shi gida 24 an ɗauki ɗaya. Peugeot 504 ta shiga tana da tsawon mita 4 da santimita 49. A 1/24 za ta dawo santimita 19 ba kaɗan, a 1/43 kuma ta ɗara santimita 10 da 'yan kai. Waɗannan lambobi ba mu muka ƙago su ba. Shi 1/43 daga jiragen ƙasa na wasa ya samo asali, kamfanin Dinky Toys ya yaɗa shi tun shekarun 1930, kuma har gobe shi ne awon da masu tara irin waɗannan motoci a Faransa suka fi riƙewa. 'Yan mitsi-mitsin nan na Majorette da ake tsinta cikin kayan gwanjo a kasuwar Dole suna wajen 1/64. Mu ƙananan motoci a 1/24 muke yi, manya a 1/43, don tirelar mai ta mita 16 da rabi in ka yi ta a 1/24 sai ta kusa santimita 70, babu kabad ɗin da zai ɗauke ta.

Rabin aikin a gareji ake yinsa. Nakan ɗauki yaro ɗaya da tef ɗin awo da littafi mu tafi wurin bakanikai, inda matattun motoci ke kwance. A nan ake samun tsohuwar 404 a-kori-kura da buɗaɗɗen bayanta, da 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da Marsandin nan mai dunƙulallen hanci da Jamus ta fara ƙerawa a 1959, wadda har yau wasu ke fama da ita a hanyar Tanut zuwa Agadas. Hoto kaɗai ba ya isa. Kyamarar waya tana kumbura abin da ke kusa da ita, ta tsuke na nesa, sai ka ga hancin mota ya fi yadda yake girma. Wanda ya yi aiki da hoto kawai, motarsa za ta fito da kama, amma tsohon direba yana ɗaga ta zai ce, "Wannan ba ta zauna daidai ba," ko da bai iya nuna maka inda matsalar take ba. Sau da yawa tazarar tayu ce, ko kuma gangaren gilashin gaba.

Kayan aikinmu kusan duk abin da gari ya yar ne. Bodi daga gwangwanin madarar gari muke yanka shi, don ƙarfensa na lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba, kuma yana kama dalma. Gwangwanin lemo na zamani kuwa alminiyon ne, dalmarmu ba ta kama shi, sai dai a yi masa gam, shi ya sa ba mu sa shi sai wurin ado. Gindin mota katako ne. Gilashi daga gorar ruwa, a zaɓi wurin da ya miƙe. Fitila daga ɗan wuyan mata da ya tsinke, kujeru daga guntayen fata da muke karɓa wurin dukawa, abin da garin nan ba ya rasawa. Liƙi kuma da ƙarfen da ake sawa a garwashi muke yi, irin na masu gyaran buta da fitilar aci-balbal. Muna da na lantarki, amma wanda ya dogara da shi a garin nan zai wuni yana fifita.

Akwai wurin da awo ba ya yiwuwa, dole a yi dabara. Ƙarfen jikin mota bai kai kaurin milimita ɗaya ba, in ka ce za ka raba shi gida 24 ka koma takarda. To sai a naɗe bakin gwangwanin ciki, a goge da magagari har ido ya ɗauka siriri ne. Haka eriya da madubin gefe: in aka bi lissafi zalla, ranar farko da maigida ya share ƙura za su karye. Ana ƙara musu ɗan kauri, amma kaɗan, yadda ba za a lura ba.

Taya ita ce ke fallasa maƙeri. Yaro kan yi wata da watanni a wurina bai taɓa bodi ba, taya kawai yake yi. Ta ƙaramar mota ba ta kai santimita 3 ba, kuma sai huɗun sun fito daidai, ramin tsakiya a tsakiya. Muna yanka su daga tafin tsohon takalmin roba da bututun ƙarfe da aka wasa bakinsa, a ɗora a kan ƙusa, a juya ana goga, sannan a zana zanen taya da reza mai zafi. Babbar mota mai taya goma tana iya cinye wa yaro mako. Wasu yaran a nan suke gudu, ni kuma ban cika bin sawunsu ba, don wanda bai jure taya ba ba zai jure rubutun bayan mota da tsinken tsintsiya ba.

Fenti kuma sai an bi yanayin gari. Da hunturu ƙura ba ta barin ɗanyen fenti, ko ƙofa a rufe take sai ta sami hanya, ka wayi gari bodi ya yi ƙurji. Muna yin fenti da sassafe, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa, a kife kwali a kai nan take. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fenti kan bushe a bakin buroshi kafin ya kwanta. Damina ta fi daɗin aiki, sai dai tsatsa, don haka ba a barin gwangwanin da aka goge ya kwana ba a shafa masa komai ba.

Wasu samari da ke kallon bidiyo a intanet sukan tambaye ni me ya sa ba na shigo da na kwali. A Japan da Turai haka ake yi: ka sayi kwali na Tamiya ko Revell ko Heller, ka tarar da gaɓoɓin roba a jere da takardar bayani, ka ɓalle, ka manna, ka yi fenti. Na haɗa su, kuma aikinsu abin a yaba ne, ko injin ciki an fitar da shi. Amma kuɗin kawo kwalin nan kan fi kuɗin kwalin, robar ba ta son rana, takardun ado da ake jiƙawa a manna suna farfashewa in sun daɗe a zafi. Babban dalilin ma ba wannan ba ne. Kwali yana ba ka mota yadda ta fito daga masana'anta, sabuwa fil. Mutumin Damagaram ba ita yake nema ba.

Abin da yake nema motarsu. Mafi yawan masu zuwa wurina yanzu 'ya'yan tsofaffin direbobi ne da masu motocin sufuri. Mutum zai zo da hoto guda da ya koɗe, ya ce, "Maigida, wannan ita Baba ya ja zamanin gyaɗa, daga Matamaye da Magarya zuwa Kano." Sai mu zauna in yi ta tambaya. Bodin katako ne ko na ƙarfe? Wane launi aka yi wa katakon? Me aka rubuta a goshi, me aka rubuta a baya? A nan ake jin "Haƙuri maganin duniya" da "Allah ya kiyaye" da "Sai a hankali". Wani ya tuna ƙofar direba ta lotsa tun wani haɗari, da igiya ake ɗaure ta, kuma yana so a sa lotsawar da igiyar. Wani sai ya koma gida ya tambayi tsohuwa ko tsohon yaron motar, ya dawo da labarin da shi kansa bai taɓa ji ba. Ni a ganina wannan ya fi wahalar aikin kwali nesa ba kusa ba, don lotsa ƙofa yadda za ta yi kama da haɗari, ba kuskuren maƙeri ba, sai wanda hannunsa ya faɗa. Haka tsatsa da ƙura: jar ƙasa muke niƙawa mu kwaɓa da ɗan gam, a shafa a ƙasan bodi da bayan tayu, inda hanya ke watsa ta.

Wadda ta fi cin lokaci ita ce Marsandin hamada, mai zuwa Dirku, da kaya sun yi mata tsauni, jarkoki da katifu da buhuna na reto ta kowane gefe. Kowace jarka sai an sassaƙa ta daga katako, an naɗe ta da zaren buhu kamar yadda matafiya ke yi don ruwa ya yi sanyi. A ainihin motar mutane ne zaune bisa kayan. Mu ba mu sa su. Ba na yin mutum-mutumi, ko direba a gaba, kuma masu saye a nan ba su cika tambaya ba, don kowa ya san abin da malamai ke faɗa a kan surar mai rai. Nasara ne suka riƙa tambaya da.

Da can su ne kasuwar. Masu yawon buɗe ido da ke ratsawa zuwa Agadas, da ma'aikatan ƙungiyoyi, da 'yan sa-kai na Amurka, wato Peace Corps, kafin a kwashe su daga Nijar a farkon 2011. Su kuma abin mamaki sun fi son a bar rubutun gwangwanin a waje, a ga sunan madara a jikin ƙofa, wai ya fi nuna aikin hannu ne. Ana yi musu, yana da sauri, amma ni ban ɗauke shi aiki ba. Da ƙafarsu ta ɗauke, da yawa daga masu wannan sana'a suka koma ƙera murhu da mazurari. Ni abin da ya riƙe ni shi ne mutanen gida, sai masu koyar da tuƙi da ke son motocin nuna wa ɗalibai yadda ake shiga shataletale, sai kuma masu tankokin mai da suka yawaita tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011. Su waɗannan suna son a ɗora tankarsu a teburin ofis, da lambarta da komai.

Ciniki kuwa sai an ba da rabi kafin a fara, don motar Baban wani ba ta sayuwa ga wani. Mutum kan ji kuɗin ya ce ai gwangwani ne, sai in miƙa masa taya ɗaya da reza in ce ya gwada. Fenti mai kyau da dalma da ƙananan buroshi daga Kano suke zuwa, saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa mu. Da Najeriya ta rufe iyakarta a 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sai da muka koma roƙon ragowar fenti wurin masu fentin mota, muna tacewa da ƙyalle.

Aikin da ke gabana yanzu ba wanda ya sa ni. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën guda takwas da suka taso daga Aljeriya don ratsa Afirka sun biyo ta nan, lokacin Zinder, wato Damagaram, ce babban birnin ƙasar, kafin a mayar Yamai a 1926. Motocin taya biyu ce gare su a gaba, baya kuma bel na roba da ke zagaya ƙananan ƙafafu, don kada su nutse a rairayi. Babu wadda zan je in auna a gareji, don haka dole na karya dokata, na koma ga tsofaffin hotuna, ina kwatanta tsayin mota da na mutanen da ke tsaye gefenta. Bodin ya tashi. Bel ɗin ne ya tsaya: na tiyub ɗin keke yana da kauri, na safar hannu ta asibiti yana tsinkewa. Babban yarona ya kawo shawarar a gwada ƙyallen lema a shafa masa gam baƙi, kuma shi za mu gwada bayan mun miƙa tankar da ake jira ranar Alhamis.