Godiya ga waɗanda suka tsaya mini

Alhamdu lillahi. Jiya na karɓi takardar sakamakona, na zauna a kan dakalin ƙofar sashenmu na koyon aikin walwalar jama'a a jami'a kusan rabin awa ban iya tashi ba. Karatun da aka ce mana na shekara huɗu ne ya ci shida. Kun sani, da ku aka yi: zaman gida na korona a 2020 da yajin aikin malaman jami'a da ya haɗu da shi, sai kuma wata takwas cur na 2022, daga Fabrairu har Oktoba. Ba zan sake tono wannan ba, na gaji da labarinsa.

Abin da ya hana ni barci daren jiya rana ɗaya ce a watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi. An raba mu aikin sanin makama. Wasu an kai su gidan marayu na Nassarawa, wasu gidan yara na Goron Dutse, ni kuma aka tura ni ofishin walwalar marasa lafiya na wani asibiti. Aikina shi ne in zaunar da mai jinya, in ɗauko fom, in yi ta tambaya: me maigida yake yi, mutum nawa ke ci a gidan, haya ne ko gado, akwai dangin da za su iya taimakawa? Na iya tambayoyin nan kamar karatun allo. Har yabona ake yi wai ina da saurin cike fom.

Sai ga Inna ta faɗi a tsakar gida da asuba, ɓarin jikinta na dama ya saki. Asibitin da nake aiki nan muka kawo ta. Likita ya rubuta hoton ƙwaƙwalwa da magunguna. Ɗan abin da muke da shi yana banki, tiransifa ta ƙi tafiya, masu POS sun rufe, tsofaffin takardun da Inna ta ƙulle a bakin zani kuma ba mai karɓa. Na tsaya a barandar nan da katin Inna a hannu, na san sarai ofishin da ya kamata in nufa, amma ƙafata ta ƙi. Abokan karatuna biyu suna ciki.

Hajiya, kin ce kada in ambace ki, ki yafe mini, yau kam sai na faɗa. Ita ce shugabar ofishin. Ta hango ni ta taga, ta aiki yaran nan biyu ɗakin haihuwa da wani saƙon da na tabbata ba shi da tushe, ta jawo ni ciki ta tura ƙofa. Ba ta zauna a bayan tebur ba, kujerar roba ta jawo kusa da ni. Ta ɗauko fom ɗin nan dai da na cike wa mutane ba adadi. Da muka iso layin dangi sai ta ɗaga biro ta ce, “'Yata, wannan mu bar shi tukuna, sha ruwa.” A nan na fashe da kuka. Ban taɓa sanin nauyin tambayar nan ba sai da ta zo kaina. Mata nawa na yi wa ita ina kallon agogo, suna sunkuyar da kai suna murza gefen hijabi, ni kuma ina jiran amsa in cike gurbi! A aji an koya mana rufa asirin mai neman taimako, mun rubuta shi a jarrabawa, mun ci. Ranar ce na ga yadda ake yinsa. Kafin azahar an ɗauki hoton. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira, Hajiya, ya jiƙan mahaifanki, ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka.

Yaya Babba, kai da ka sayar da babur ɗinka ka koma karɓar adaidaita sahun haya don kada in ajiye karatu, ban da bakin gode maka. Allah ya mayar maka da ninkinsa. Anti mai ɗinki ta layinmu, wata uku kina kwana da Inna ina haɗa kundin bincikena, ko sau ɗaya ba ki nuna gajiya ba. Malamin da ya duba kundin, wanda ya yi ta dawo mini da babi na biyu da jan biro har na fara jin haushinsa, yanzu na gane, Allah ya ƙara ɗaukaka. Baba mai gadin ɗakin karatu da ke ajiye mini kujera kusa da soket, da 'yan ajinmu da suka yi karo-karo ba tare da sun gaya mini wa ya ba da nawa ba, Allah ya saka muku da Aljanna, ya buɗa muku ƙofofin aiki.

Akwai kuma waɗanda aka kira a waya ranar da Inna ta faɗi, ta yi ta ƙara ba su ɗaga ba. Su ne dama tun farko suka ce wannan wane irin karatu ne, ba likita ba, ba lauya ba, sai yawon bin almajirai da zawarawa. To, ko gwamnati ta san da aikin, tun ƙarshen 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da masu yinsa. Ban riƙe kowa ba. Zumunci ne, Baba ma kafin ya rasu abin da ya bar mana wasiyya ke nan. Na ga saƙonnin taya murnarku, na gode.

Masu tambayar walima, sai bayan an fitar da sunayen bautar ƙasa in Allah ya kai mu. Inna tana samun sauƙi, tana takawa da sanda har zaure. Da na miƙa mata takardar jiya, juye ta riƙe ta, ta shafa da hannun hagu, ta ce in saka mata a ƙarƙashin filo. Har yanzu tana can, ban ma samu na yi mata hoto ba.