Juma'ar da muka kai Yaya cin mandi

Jidda, Juma'a da dare.

Tun shekaranjiya Yaya, yayar maigidana, take wurinmu. Daga Kano ta zo Umara, ta gama ibadarta ta sauko Jidda ta huta kafin ta wuce Madina. Da safe na so in aika a sayo mata tamis da ful, wato gurasa da waken da ake karyawa da su a nan, saboda baƙunta, ta ce ita ɗumame take so. Na ɗumama tuwon shinkafar jiya da miyar kuka, na zuba man shanun da ta kawo mana tsaraba, ta cinye tas tana sa mini albarka.

A gidan nan ba a zubar da abinci. Shinkafar da ta rage, da zarar ta huce sai firij, washegari in soya ta da albasa da ƙwai. Ƙanzo in kankare, in baza a tire in kai saman bene, in ya bushe in tara a gwangwani. Ranar da cefane ya yi ƙasa in jiƙa shi in kwaɗa da ƙuli-ƙuli da tumatir, yara har rububi suke yi. Gutsattsarin burodi kuwa leda daban nake yi musu in rataye a ƙofa, akwai masu bi suna kwashewa su kai wa masu tumaki. Lissafi yana ciki, don tun 2020 duk wanda ke ƙarƙashin iƙamar maigida, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, Riyal 400 ake biya masa kowane wata, ga harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kusan duk abin da ka saya. Amma ko da babu wannan haka zan yi. Annabi (SAW) ya ce idan loma ta faɗi a ɗauka a share a ci, kada a bar wa Shaiɗan, kuma a kan wannan Inna ta raine mu.

Bayan an sauko daga Juma'a Malam ya ce ba zai yiwu yayarsa ta zo ƙasar nan ta koma ba ta ci mandi ba. Muka tafi wani gidan abinci da abokin aikinsa ya yaba masa. Aka ba mu ɗaki a ɓangaren iyali, aka shimfiɗa sufrar leda, muka zauna jira har autana ya fara gyangyaɗi.

Tiren yana sauka na san akwai magana. Mandin kirki a rami ake yin sa, nama a sama, shinkafa a ƙasa, maiƙon naman yana ɗiga a kanta, ƙamshin hayaƙi ya kama komai, in ka taɓa tsoka ta sulɓe daga ƙashi da kanta. Wannan kuwa shinkafar sama da zafi, ta ƙasa da sanyi, duk ta dunƙule. Gefen naman ya bushe ya yi baƙi, da na ɓare kusa da ƙashi sai wani bashi ya daki hancina. Macen da ta yi shekaru tana ɗumame ba za a ɓoye mata abincin da ya kwana ba. Kuma kwanan kaɗai ba zai dame ni ba, inda ya kwana ne matsalar. Dafaffiyar shinkafa idan ta daɗe a waje cikin zafi, ƙwayar cuta takan bar guba a cikinta wadda sake zafafawa ba ya kashewa. Na kama hannun autana na janye.

Yaya ta ce, "Haba ƙanwata, ƙila hancinki ne, kada mu kunyata Malam." Ta kai loma ɗaya, ta yi shiru, ta miƙa hannu neman tishu.

Malam ya kira yaron da ya kawo, ya rantse yanzu aka sauke. Aka kira babbansu, ko sunkuyawa ya shinshina bai yi ba, ya ce tunda mun taɓa sai mun biya, in mun ga dama a ƙulla mana safari mu tafi da shi. Malam ba ya son hayaniya, balle a gaban yayarsa. Ya biya muka tashi.

Kuɗin sun yi mini ciwo, amma ba kamar barin tiren nan ba. Dabba ce aka yanka da sunan Allah, shinkafa ce da ta ƙetaro teku, sakacin wani ya mayar da su abin da ko mage ba zan ba wa ba. Muna fitowa kuma na hangi ɗakin da ke kusa da namu, mutanen sun tashi sun bar fiye da rabin tire, yaron ya juye a kan sufra ya haɗa bakinta huɗu ya jefa a kwandon shara, har da burodin da ba a ko gutsura ba. Wani bincike da gwamnatin ƙasar nan ta fitar a 2019 ya ce kusan kashi 33 cikin ɗari na abinci asararsa ake yi, kimanin Riyal biliyan 40 a shekara. Akwai ƙungiyoyin hifzin ni'ima masu bin wuraren biki suna kwashe abin da ba a taɓa ba su raba wa mabukata, Allah ya saka musu, amma wanda aka riga aka naɗe a sufra ya tafi ke nan.

A mota na ce zan kira baladiyya, wato hukumar birni. Malam ya ce, "Ki bar su da Allah mana." Na ce, "Malam, anjima yaran wasu za a zuba wa sauran tukunyar nan." Yaya ta ce gaskiyata ce, ta ce masa ya miƙo mini rasidin. Muna isa gida na kira lambarsu, 940, na faɗi unguwa da titi da abin da muka gani, suka ce za a turo saƙo a waya. Sannan na shiga kicin na dafa mana taliya da manja da yaji, don duk da yunwa muka dawo.

Jirgin ƙasan Yaya gobe ne bayan azahar. Ta ce kada a sayo mata komai a hanya, in soya mata dankali da ƙwai kawai ta riƙe.